Darasi na 24: Kunkuru Mai Bin Umarni

Direban da ya ɗauko fasinja daga Sokodé zuwa Dapaong yana bin babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Lomé ta nufi iyakar Burkina Faso. Sai ya wuce Bafilo kafin ya kai Kara. Daga Kara sai Kanté, sai Mango, sa'an nan Dapaong. A kan wannan hanya, ba shi da damar isa Mango bai ratsa Kara ba.

Haka aikin kwamfuta yake. Ana rubuta mata umarni ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa ta bi su daki-daki. Jerin umarnin nan shi ake kira *programme* da Faransanci. Sai dai ta bambanta da direba. In an yi wa direba kwatance ba daidai ba, yakan tsaya ya tambayi mutanen gari. Kwamfuta kuwa abin da aka rubuta shi take bi, ko da kuskure ne.

Akwai harsuna na musamman da ake rubuta umarnin da su. Ɗaya daga cikin masu sauƙi shi ne LOGO. An ƙirƙiro shi a Amurka a shekarar 1967, domin yara. Cikin waɗanda suka yi aikin akwai Seymour Papert, masanin lissafi, haifaffen Afirka ta Kudu. A LOGO akwai wani ɗan kunkuru mai jan alƙalami. Duk inda ya bi sai ya bar layi. Da farko ƙaramin inji ne mai taya da ke yawo a ƙasa, daga baya ya koma kan allon kwamfuta. Ba shi da wayon Gizo ko kaɗan, amma ba ya gardama.

A LOGO na Faransanci kalmomin gajeru ne. AV shi ne *avance*, wato yi gaba. RE shi ne *recule*, ja da baya. TD da TG su ne juya dama da juya hagu. In an rubuta AV 100, kunkuru ya yi taku ɗari. In an rubuta TD 90, ya juya dama digiri 90 a nan inda yake tsaye.

Don zana murabba'i, sai ya yi gaba ya juya, har sau huɗu. Ba sai an wahala da rubuta layi takwas ba. Layi ɗaya ya isa:

REPETE 4 [AV 100 TD 90]

Alwatika ita ce ke kayar da ɗalibai da yawa. Sun koya a darasin lissafi cewa in gefunanta uku daidai suke, kowace kusurwa digiri 60 ce. Sai su rubuta REPETE 3 [AV 100 TD 60]. Kunkuru ya ja layi uku ya tsaya, amma zanen bai rufe ba, ya fito kamar ƙwarya. Laifin ba na kunkuru ba ne. Kafin ya dawo inda ya tashi, yana duban inda ya duba da farko, dole ya yi juyi cikakke, wato digiri 360. In an raba 360 gida uku, 120 ke nan. Da an sauya 60 ta zama 120, sai alwatika ta rufe. Neman kuskure da gyara shi babban sashe ne na aikin masu rubuta *programme*, har da ƙwararrunsu.

A shekarar 2007 aka fito da Scratch, wanda ya gaji LOGO. A cikinsa ana harhaɗa umarni kamar tubali, maimakon rubuta su.

Makarantar da ba ta da kwamfuta ma tana iya yin wannan darasi. A filin wasa, a Zongon Sokodé ne ko a Dapaong, ɗalibi ɗaya ya zama kunkuru, ya riƙe sanda yana jan ta a ƙasa. Sauran su rubuta umarni a allo. Sharaɗi ɗaya ne: kada kunkuru ya gyara kuskuren kowa, ko da ya gane shi.

Aiki

1. Wane zane zai fito daga REPETE 6 [AV 50 TD 60]?
2. Ku rubuta umarnin zana filin ƙwallo mai tsawon taku 100 da faɗin taku 60.