Ciwon ciki ga mai wankin ƙoda

Ƙoda ita ke tace jinin mutum, dattin ya hita cikin hitsari. In ƙoda biyu duk suka daina aiki, sai mashin ta kama masu. Wannan shi ne wankin ƙoda. Ana yin shi a manyan asibitoci kamar na Yamai da Zinder, sau 2 ko 3 a sati, kowane zama wajen awa 4.

Mai wankin ƙoda shina yawan kukan ciki: tashin zuciya, amai, ƙwannahi, rashin cin abinci. Wani lokaci dattin da ya taru cikin jini ne ke sa haka. Wani lokaci kuwa wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori. Ido ba ya ganinta. Likitoci biyu na ƙasar Ostaraliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta a 1982. Kahin nan ana ɗora laihin gyambon ciki ga yunwa, da yaji, da yawan tunani.

Galibi tun mutum shina yaro take shiga jikinsa, ta ruwa marar tsabta, ko hannun da ba a wanke ba, ko yawun baki. Cikin tumbi akwai ruwa mai tsami ƙwarai da ke kashe ƙwayoyin cuta. Ita wannan tana da wayo: tana hidda wani abu da ke kashe tsamin da ke kewaye da ita, ta laɓe a bangon tumbi shekara da shekaru. Mutane da yawa suna ɗauke da ita ba su ji kome ba. Ga waɗansu kuwa tana cin bangon har ya zama gyambo.

Ga mai wankin ƙoda gyambon nan ba abin wasa ba ne. Duk ranar wanki ana sa mashi maganin hana jini daskarewa, don kada ya toshe mashin. In gyambo ya soma zubda jini, da wuya ya tsaya. Ga shi kuma da ma jinin mai ciwon ƙoda kaɗan ne. In kashinsa ya yi baƙi ƙirin da ɗoyi, ko ya yi amai da jini, ko jiri ya ɗebe shi, a kai shi asibiti ranar nan, ko da ba ranar wanki ba ce. Ƙwayar ƙarin jini ita ma tana baƙanta kashi, amma likita ne zai rarrabe, ba ƴan gida ba.

A ƙauye, in ciki ya murɗa, kanwa ake jiƙawa. Ga wannan majinyaci kanwa cuta ce. Gishirinta yana sa ƙishirwa, ruwa ya taru a jiki, ƙahwahu su kumbura, jini ya hau. Ƙwayoyin ciwon jiki na masu talla a kasuwa, irin su diklofenak da ibuprofen, sun hi kanwa muni, don su da kansu suna huda bangon tumbi. Hwarin ruwan nan na ƙwannahi shi ma kada a sha sai an tambayi likita, saboda akwai abin da ke cikinsa wanda ƙoda ce kaɗai ke hidda shi da kyau.

Ana gane ƙwayar ta awon kashi, ko awon numhwashi, ko a zura ƴar igiya mai madubi ta baki a duba tumbi. Tana da magani: iri 2 masu kashe ta ko hiye, da 1 mai rage tsamin ciki, kwana 10 zuwa 14. Likitan ƙoda ne ke tsaida yawan ƙwayar da lokacin sha, don mashin tana wanke wasu magungunan tare da datti. Shi ya sa ake shan irinsu bayan an sauko daga wanki. Wanda ya ji sauƙi kwana 4 ya aje magani, ƙwayar ba ta mutu ba, kuma karo na biyu ta hi wuyar kisa. Bayan sati 4 da ƙare magani a koma awo.