Keke a kan gadon wankin ƙoda

Awa huɗu mutum yake yi a kwance idan muka ɗaura masa injin wankin ƙoda. Wani ya yi barci, wani ya ja carbi, wani kuwa ya zuba wa tiyon da jininsa ke zagayawa ido har a gama. Shekaruna na farko a wannan ɗaki, a matsayina na ma'aikaciyar jinya, ni ma abin da nake gaya wa kowa ke nan: kwanta, kada ka motsa. Yanzu na rage faɗin haka, kuma ina so masu jinya da 'yan uwansu su san dalili.

Mutane sun ɗauka ƙoda ce ke kashe mai ciwon ƙoda. Galibi zuciya ce. Idan ƙoda ta gaza, ruwa da gishiri sai su taru a jiki, jini ya hau, zuciya ta riƙa turawa da ƙarfi dare da rana. A hankali bangon ɗakinta na hagu, wanda ke harba jini zuwa sassan jiki, sai ya yi kauri ya sandare. Kaurin nan ba ƙarfi ba ne, wahala ce. Shi kansa wankin ba ya barin zuciya ta huta, domin a awa huɗu muke zuƙe ruwan da ya taru cikin kwanaki, lita biyu, uku, wani lokaci fiye. In zuƙar ta fi ƙarfin jiki, sai jini ya faɗi, ka ga mutum yana hamma, gumi ya keto masa, ƙafa ta ɗaure, ya ce yana ganin duhu. A irin wannan lokaci naman zuciyar ma jinin da ke isa gare shi raguwa yake yi.

To, ina motsa jiki ya shigo? A birnin Lesta na Ingila an yi gwaji da masu wankin ƙoda 130. Wasu aka ba su ɗan keke mai feda kawai, da ake kafawa a ƙarshen gado, suna tuƙawa minti 30 a duk zaman wanki har wata shida. Sauran aka bar su yadda aka saba. Sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna nauyin wancan ɗakin hagu na zuciya ya ragu da kimanin giram 11 ga masu tuƙin in an gwada su da sauran, babbar jijiyar da ke fita daga zuciya ma ta rage tauri. A Jamus kuma an bi mutum 1,211 har shekara guda, aka fitar da sakamako a 2023. Waɗanda suka yi atisaye a kan gado, yawan tashi da zaman da suke iya yi daga kujera cikin minti ɗaya ya ƙaru daga 16 zuwa 19, na sauran kuwa ya sauka daga 16 zuwa 15, kuma kwanakin da suka yi kwance a asibiti bai kai rabin na sauran ba. Tashi daga kujera ƙaramin abu ne a ido, amma ku tambayi dattijon da sai an kama shi yake shiga banɗaki.

Maganar hawan jini kuwa, a nan nake taka-tsantsan, don na ga masu zuzutawa. Lokacin tuƙin, awon jini yakan ɗan hau, kamar na kowa in yana aikin ƙarfi. Bayan an tsaya, wajen awa guda, yakan sauka ƙasa da inda yake, shi ya sa ba ma ɗauke ido daga mutum don ya ajiye feda. A tsawon watanni wasu kan sami ɗan sauƙi, amma kaɗan ne, bai kai a ajiye ƙwaya ba. Wanda ya bar maganinsa, ya koma zabga ɗunkule da gishiri a miya, ya sha ruwa yadda ya ga dama don wai yana tuƙa keke, ya yi wa kansa sakiyar da ba ruwa.

Akwai wani dattijo, tela ne kafin ciwo ya kwantar da shi. Ranar da na kawo masa fedar, 'yarsa ta tare ni: "Sista, don Allah a bar Baba ya huta, da wanne zai ji?" Ban ga laifinta ba. A wajenmu hana mara lafiya ɗaga ko da kofi shi ne nuna ƙauna. Shi ne ya leƙa abin ya ce, "Yarinya, ai wannan keken ɗinki ne babu zare." Minti biyar ya fara, muka tsaya. Wata biyu bayan nan da ƙafarsa yake shigowa daga bakin ƙofa, ba a keken guragu ba. Ban auna kaurin zuciyarsa ba, ba mu da halin wannan hoton, abin da na gani da idona na faɗa.

Sai dai Lesta daban, nan daban. Su sau uku a mako suke wanki. Namu da yawa sau ɗaya ne, ko sai ranar da kuɗi suka haɗu, su zo a kumbure, numfashi sama-sama, jini ya yi ƙasa ƙwarai. Irin wannan ba keke yake bukata ba, a cire masa ruwa a gyara jininsa tukuna. Haka wanda aka saka wa robar wanki a jijiyar matsematsi, kuma suna da yawa a nan, ba ya naɗe wannan ƙafar, balle tuƙi. Mai ciwon ƙirji, mai zazzaɓi, wanda bugun zuciyarsa ya rikice, wanda awon jininsa ya yi sama sosai ko ƙasa sosai a ranar, duk hutu ne nasu. Likita ne ke yanke wannan, ba ɗan rakiya ba, ba kuma mara lafiyan ba.

Wanda aka amince masa, cikin awa biyun farko muke yi, kafin a ja ruwa da yawa. Hannun da ke da allura ba ya motsi. A fara a hankali, a tsaya a ƙarfin da mutum zai iya magana bai yanke ba. Da ya ji jiri, ko nauyi a ƙirji, ko numfashi na ƙwace masa, ya tsaya ya kira mu, kada ya daure don kunya. Inda babu feda, kuma yawancin ɗakunanmu babu, ana iya lanƙwasa idon sawu sama da ƙasa, a miƙe gwiwa a riƙe a sauke, sau goma-goma, ƙafa bayan ƙafa. In an cire injin kuma, a zauna bakin gado minti biyu, mu sake ɗaura abin awo, sannan a nemi takalmi.