Zoben da Ke Bakin Iyaka

'Ya'yana, ku ba ni aron hankalinku. Yawancinku kun iya warware lissafin rashin daidaito, amma da an zo zana amsar a kan layin lambobi sai gaggawa ta ci ku. Abin yana damuna ƙwarai, domin maki na zubewa a jarrabawar WAEC da NECO a kan abin da kun riga kun sani.

Ku ɗauki dokar zaɓe ta Najeriya: sai wanda ya kai shekara 18 yake jefa ƙuri'a. A lissafi, x ≥ 18 ke nan. Ku ja layi da rula, ku jera lambobi da tazara iri ɗaya, ku nemo 18. Kafin biro ya taɓa takarda ku tambayi kanku: shi mai shekara 18 cif, yana ciki? Yana ciki. To, ku zana zobe a kansa ku cike shi, sannan ku ja kibiya zuwa dama, inda lambobi ke ƙaruwa. Waɗanda ba su isa ba kuwa su ne x < 18. Nan zoben a buɗe ake barinsa, kibiya ta nufi hagu. Yaron da saura kwana ɗaya ya cika 18 yana ƙarƙashin wannan kibiyar, kuma ita doka ba ta san "kusan" ba. Shi ya sa nake nanata muku maganar ɗan zoben nan.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne lamba mai mainas. A ce an ba ku −2x < 6. Idan kun raba ɓangarorin biyu da −2, dole alamar ta juya, amsa ta zama x > −3. Kada ku haddace wannan kawai, ku gane dalili. Biyu ba ta kai biyar ba, amma −2 ta fi −5, kamar yadda wanda ake bi naira 200 ya fi wanda ake bi 500 sauƙin numfashi.

Bayan kun zana, don Allah kada ku miƙa takarda tukuna. Ku ɗauki lamba ɗaya daga ɓangaren da kibiya ta bi, ku mayar da ita cikin tambayar asali. Sifiri ya fi sauƙi, kuma yana dama da −3: −2 sau sifiri sifiri ne, bai kai shida ba, kibiyarku ta bi hanya. In kun ga gwajin ya ƙi, ku koma layin da kuka yi rabawa, galibi a nan aka manta juya alamar.