Mai Kamfanin Ɗinki, Ka Saurari Ma'aikatanka

A Afrilun 2013 ginin Rana Plaza a Bangladash ya rufta, mutum fiye da 1,100 suka rasu, akasarinsu maɗinka. Ana gobe abin zai faru an ga bango ya tsage, amma aka tilasta musu komawa kan keke. Maigida, ma'aikacin da ke tsoron kora ba zai faɗa maka gaskiya ba.

Don haka ka ware wanda zai riƙa karɓar koke ba tsangwama. Kada ka kulle ƙofar fita lokacin aiki. Ka biya albashi da kuɗin ƙarin lokaci a kan kari. Gabanin Sallah, kada ka karɓi ɗinkin da ya fi ƙarfin mutanenka, domin gajiyayyen tela shi ke ɓata yadi.