Yadda Ake Zaɓa Tsakanin Shatar Mota da Bin Ɗan Jagora a Ziyarar Yini Ɗaya a Dutse

Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka yanki jihar daga tsohuwar Jihar Kano, kuma tun daga nan akasarin baƙin da suke shigowa garin wata hidima ce take kawo su, kamar taro a sakatariyar jiha, ko bikin yaye ɗalibai a Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011, ko ɗaurin aure, ko rakiyar maniyyata zuwa filin jirgin saman da aka buɗe a 2014. Irin wannan baƙo yakan samu rarar yini ɗaya ko rabinsa bayan an tashi daga hidimar, sai ya so ya ga wani abu na ƙasar kafin ya juya gida, a nan ne kuma yake fuskantar zaɓi biyu. Na farko shi ne shata, wato ɗaukar hayar mota gaba ɗayanta tare da direbanta na wani ƙayyadadden lokaci, ta yadda ba za ta ɗauki wani fasinja ba, kuma wanda ya biya ne yake faɗin inda za a nufa. Na biyu shi ne bin ɗan jagora, wato mutumin da ya san wuri da mutanensa da tarihinsa, sau da yawa cikin ayarin da masu masaukin baƙi suka shirya, inda an riga an tsara wuraren zuwa da lokacin dawowa. Ba da hayar mota babu direba, wanda ya yawaita a filayen jiragen Turai da Amurka, abu ne da ba a saba da shi ba a wannan yanki, don haka mai son ya tuƙa da kansa galibi aron mota yake yi a wurin ɗan'uwa ko aboki.

Matsalar ba ta Dutse ba ce kaɗai. Manyan jiragen ruwan yawon buɗe ido da suke zagaya Bahar Rum sukan tsaya a wani gari na sa'o'i kaɗan, kuma al'adarsu ita ce idan ayarin da kamfanin jirgin ya shirya ya makara sai a jira shi, amma fasinjan da ya ɗauki hayar mota ya tafi harkarsa, idan bai dawo kan lokaci ba, jirgi yakan tashi ya bar shi. Alhazai ma sun san irin wannan a Madina, inda mutum yake zaɓa tsakanin motar ziyara ta jama'a zuwa Uhudu da Ƙuba da Ƙiblataini da kuma tasin da zai tare da kuɗinsa. A ko'ina dai abu biyu ake aunawa: wane ne zai ɗauki alhakin lokaci, kuma wane ne zai buɗe wa baƙo ƙofar wurin da ya je gani.

Matakin farko shi ne ƙirga lokaci daga ƙarshe zuwa farko. Baƙo zai fara rubuta abin da ba zai jira shi ba, ko jirgi ne, ko ayarin motocin da ya zo da su, ko ɗaurin auren da aka sanya bayan sallar Juma'a, sannan ya riƙa cire sa'o'i yana komowa baya. Misali, wanda jirginsa zai tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano da ke Kano da ƙarfe 6 na yamma yana bukatar ya isa filin da ƙarfe 4 da rabi. Tafiyar Dutse zuwa Kano ta haura kilomita 100, kuma mai hankali yakan ware mata sa'o'i 2 saboda cunkoson Wudil da na Mariri, ya ƙara wani abu a kai idan Juma'a ce, ranar da kasuwar Wudil take ci. Idan aka ƙara sa'a 1 ta ko-ta-kwana domin faci ko layin mai, sai a ga dole ya bar Dutse da ƙarfe 1 da rabi na rana, ke nan abin da yake hannunsa safiya ce kawai. Wannan lissafi shi kaɗai yakan raba gardama, domin wanda safiya kawai gare shi ba shi da damar jiran ayarin mutum 20 da ba ya tashi sai kowa ya gama karin kumallo.

Mataki na biyu, wanda ya fi kowanne muhimmanci, shi ne rarrabe wuraren da ake son gani gida biyu: waɗanda ido yake isar wa mutum a cikinsu, da waɗanda ba a amfana da su sai da wanda ya sani. Duwatsun da suka ba garin sunansa, da Dandalin Malam Aminu Kano, da harabar jami'a, da gonakin dabinon da suka sa Cibiyar Binciken Kwakwar Manja ta Nijeriya ta kafa reshenta na binciken dabino a Dutse, duk direban da ya san gari zai zagaya da baƙo cikin sa'o'i kaɗan, wani sashen ma a-daidaita-sahu ya wadatar. Kasuwar Shuwarin da ke kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri ita ma haka take, sai dai mai niyyar sayen dabino ko hatsi da yawa zai ji daɗi idan yana tare da ɗan gari wanda ya san farashin ranar.

Garu, tsohon garin Dutse inda fadar Sarki take a tsakanin duwatsu, yana cikin gida na biyu. Mota tana iya kai mutum ƙofar fada, amma shiga ciki, da sanin inda ake cire takalmi, da inda aka yarda a ɗauki hoto, da yadda ake faɗuwa gaisuwa, duk suna bukatar wani daga cikin mutanen fada ya yi masa iso, wato ya sanar da zuwansa ya kuma nema masa izinin shiga, kuma an fi so a yi wannan magana kwana ɗaya ko biyu kafin ranar. Zanen duwatsun Birnin Kudu ya ma fi wannan bukatar jagora. Waɗannan zane-zane ne na shanu da wasu dabbobi waɗanda mutanen dā suka yi da jan launi a jikin rufin duwatsu irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, kuma masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya yi nazarinsu a shekarun 1950 tare da duwatsun kiɗa, wato manyan duwatsun da suke amo kamar ƙararrawa idan aka ƙwanƙwasa su da ƙaramin dutse. Zanen ya dusashe ƙwarai, har baƙo yana iya tsayawa a ƙarƙashinsa yana kallon dutsen bai ga komai ba, sai wanda ya sani ya miƙa yatsa ya bi layin ƙaho da gadon bayan saniyar, ya nuna cewa wasu daga cikin shanun ba su da tozo kamar na yau, sannan hoton ya fito masa sarai. Wuraren suna ƙarƙashin kulawar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda take da ma'aikata a garin, kuma ta hannunsu ya kamata a bi. Abin takaici ne ƙwarai mutum ya biya kuɗin shata ya je har gindin dutsen, ya dawo yana cewa babu abin gani, alhali rashin mai nuna masa ne kawai ya hana shi ganin ɗaya daga cikin tsofaffin ayyukan hannu da ƙasar Hausa ta mallaka.

Daga wannan rarrabewa ake gane cewa a tsakiyar Jigawa zaɓin da ya fi dacewa sau da yawa haɗa biyun ne: a yi shatar mota daga Dutse domin a mallaki lokaci, a kuma nemi ɗan jagora a can wurin da za a je, maimakon a ɗauko shi daga nesa. Ayarin da aka shirya yana da nasa amfanin, domin kuɗinsa ya fi sauƙi tunda an raba shi, kuma masu shiryawa sun riga sun nemi izini a fada da ofisoshi, ga shi alhakin dawowa kan lokaci yana wuyansu. Ya dace da ɗalibai da mahalarta taro waɗanda za su kwana a garin.

Mataki na uku duba rana da yanayi ne. Manyan kasuwannin jihar na mako-mako ne: Shuwarin Litinin, Sara Talata, Maigatari Alhamis, Gujungu Lahadi, kuma wanda ya je a ranar da ba ta ci ba rumfuna kawai zai tarar. Ranar kasuwa kuma motoci sukan yi tsada a tasha, saboda direba yana lissafin abin da zai rasa na jigila. Dausayin Baturiya da ke Ƙaramar Hukumar Kirikasamma, wanda aka sanya cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a 2008, an fi ganin tsuntsayensa masu ƙaura daga Turai a lokacin sanyi, amma yana can gaba da Haɗejiya, kuma tafiya ce ta yini cur wadda ba ta shiga lissafin mai safiya ɗaya. A watannin Agusta da Satumba ruwa yakan yanke hanyoyi ya cinye kwalbatoci, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022, don haka a irin wannan lokaci direbobin tasha ake tambaya halin hanya a safiyar ranar, kada a dogara da taswirar waya.

Sai neman mota da yin ciniki. Hanya mafi aminci ita ce ta mai masauki, ko ta shugabannin ƙungiyar direbobi a tasha, domin direban da aka samu ta hannunsu an san gidansa da lambar motarsa, kuma idan saɓani ya taso akwai inda za a kai ƙara. Kafin a taya, baƙo zai yi nasa lissafin man: ƙaramar mota mai lafiya takan sha kusan lita 1 a kowane kilomita 10, don haka tafiya da dawowa ta kilomita 100 ba za ta wuce lita 10 zuwa 12 ba sai in an kunna na'urar sanyaya mota ko an shiga yashi. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mai ya zama babban kaso na kuɗin shata, shi ya sa ya fi kyau a raba cinikin gida biyu, a yanka kuɗin mota da direba daban, mai kuma baƙo ya sa a zuba a gabansa a gidan mai. Dole a ambaci wuraren da za a je da sunayensu, da ƙarfe nawa za a tashi da ƙarfe nawa za a dawo, da abin da za a ƙara idan an zarce, da wanda zai ɗauki nauyin abincin direba, da kuma sharaɗin cewa ba za a ɗauki kowa a hanya ba. Ana yin wannan magana a gaban shaida, a ba da kafin alƙalami, wato wani ɓangare na kuɗin da ake bayarwa domin ƙulla ciniki, a riƙe ragowar sai an dawo. La'adar ɗan kamasho kuma a san tun farko ko daga aljihun wa za ta fita.

Duba motar ba ya cin minti 10. A sa direba ya buɗe but a ga safayar taya, a danna ta da hannu a tabbatar da iska a ciki, a ga jak da abin kwance taya da jarkar ruwa. A dubi tayoyin huɗu ko sun suɗe. A nemi ganin lasisin direba da takardun mota da inshora, domin takarda ɗaya da ta ƙare tana iya tsayar da tafiya sa'a guda a wurin jami'an kiyaye haɗurra. Wanda ya ari mota zai tuƙa da kansa wannan duban ya fi zama wajibi a kansa, tunda babu direban da zai tsaya ya yi bayani a madadinsa.

Ɗan jagora kuwa ana kiransa a waya tun daren ranar, a gaya masa yawan mutane da tsawon lokacin da ake da shi, domin ya san abin da zai fara nunawa da abin da zai bari. Idan ma'aikacin hukuma ne, a tambayi kuɗin shiga a biya a karɓi rasit, ihsanin da za a yi masa kuma daban ne. Idan dattijon gari ne ko bafade, goron da za a ba shi ba a cinikinsa a bainar jama'a, mai masauki ake tambaya abin da ya dace a miƙa cikin mutunci. Alamar jagora nagari ita ce yana bambanta abin da aka rubuta da abin da aka ji daga bakin kakanni, kuma ba ya barin kowa ya shafa zanen dutse ko ya watsa masa ruwa don hoto ya fito, domin kowace shafa tana ɗebe wani abu daga launin da ba za a iya mayarwa ba.

A ranar tafiya ana tashi bayan sallar Asuba, a fara da wuri mafi nisa, sannan a riƙa gangarowa kusa da gari yayin da lokaci yake ƙurewa. Mai safiya ɗaya zai fara da Birnin Kudu, inda hawan dutse ya fi sauƙi kafin rana ta take, ya dawo Garu da hantsi, ya ƙare da Shuwarin idan Litinin ce. Ana riƙe tsabar kuɗi ƙanana saboda sabis ɗin waya yakan yi rauni a ƙauyuka, a kuma bar wa mai masauki lambar motar da ta direban. Idan lokacin juyawa da aka rubuta tun farko ya yi alhali saura wuri ɗaya ba a je ba, barinsa ake yi, a sallami ɗan jagora, a koma Dutse, a biya direba ragowar kuɗinsa a gaban wanda ya shaida cinikin.