Zuwa Ga 'Ya'yanmu Na Head Bridge: Me Ke Cikin Buhun Kimba?

 Ina gaishe ku, ina gaida iyayenku da ke Anaca, da 'yan'uwanku na Inugu da Fatakwal. Allah ya ba da kasuwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, wani yaro ne da na gani kwanaki a gindin gadar Anaca yana auna wa wata mata kimba a gwangwanin madara. Kafin ta kwance bakin zani ya lissafa kuɗin kimba da citta da kanumfari da ka, ya gaya mata da harshen Ibo tsaf kamar ɗan gari. Na tambaye shi ajinsa, ya ce ya ajiye boko tun aji uku na sakandare. Na ce, to me ke cikin kimbar nan da take yaji? Ya yi dariya ya ce, "Baba, haka Allah ya yi ta." Gaskiya ya faɗa. Amma akwai wanda bai tsaya nan ba, kuma labarinsa nake so ku ji.

Sunansa Farfesa Donald Ekong, mutumin Akwa Ibom, an haife shi a 1933. Ya yi karatu a Ibadan, ya tafi Jami'ar Heidelberg a Jamus ya yi digirin dakta, ya dawo Ibadan yana koyar da kemistiri. Fanninsa shi ne wanda ake kira oganik, wato ilimin sinadaran da aka gina kan kabon: irin waɗanda ke cikin ganye da saiwa da man fetur da ƙwayar magani.

A 1968 shi da abokin aikinsa A. U. Ogan suka buga bincike kan kimba, wannan dai da ake sa wa a yaji da kunun mai jego. Ku ji yadda irin wannan aiki yake. Ana busar da ita, a daka, a jiƙa garin a wani tataccen ruwa mai kama da fetur, a tace, a bar ruwan ya tashi. Abin da ya rage a kwalba sai a yi ta wanke shi ana sake narkarwa, har ya fito fari fes kamar gishiri. Nan ne aikin ya fara. Dole a gano ƙwayoyin zarra nawa ne a ciki, kuma wace ce ke riƙe da wace, alhali ido ba ya ganinsu. Kamar a ba ka gida a kulle, a ce ka zana ɗakunansa ta hanyar ƙwanƙwasa bango. Suka gano sinadarin yana da kabon 22, haidirojin 32, oksijin 4, suka zana yadda suke haɗe, suka raɗa masa suna zailofik asid. Shekaru da dama bayan haka masana a Kumasi ta ƙasar Gana suka gwada shi a jikin ɓeraye, suka ga yana rage raɗaɗi.

Shekara guda kafin nan, a 1967, Ekong ya yi irin wannan aiki kan dogon yaro, wanda wasunku ke kira darbejiya ko maina. Ya fitar da fasalin wani sinadari mai ɗaci da ake kira nimbolaid. A shekarar ce yaƙin basasa ya ɓarke, aka karya gadar nan da kuke kasuwa a ƙarƙashinta, wadda aka gama ginawa a 1965. Ƙasa na ci da wuta, shi yana cikin kwalabe. Ban san irin kallon da aka yi masa ba a lokacin, amma a 2019, bayan shekara 52, masana a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a Amurka suka gano yadda nimbolaid ke manne wa wani furotin a cikin ƙwayoyin cutar daji, kuma ana ci gaba da bincike a kai. Shi kuwa ya rasu tun 2005. Ya dasa, wasu na tsinka.

Kada wani ya ji wannan ya tafi yana shelar cewa dogon yaro na warkar da daji. Tsakanin abin da aka gani a ɗakin gwaji da maganin da likita zai rubuta akwai tafiya mai nisa, kuma yawancin sinadarai a hanya suke faɗuwa. Amfanin masanin ke nan: ya san inda iliminsa ya tsaya. Mai lasifika a bayan mota, wanda kwalba ɗaya tasa ke maganin basir da taifot da ciwon baya, shi ne bai san iyaka ba.

Ku da ke Head Bridge kun fi kowa sanin wannan. Ogbo Ogwu na nan kusa da ku, kasuwar magani da ake lodi daga cikinta zuwa ko'ina, har Arewa. A 2007 hukumar NAFDAC ƙarƙashin Dora Akunyili ta rufe ta saboda jabu, a Fabrairun 2025 aka sake rufewa. Ni kaina na taɓa sayen maganin zazzaɓi a wani shago na bai wa jikata, kwana uku jiki kamar garwashi, sai da muka kwana asibiti. Kwalin ba shi da maraba da na gaske, ƙwayar ma haka. Ido ba ya rarrabewa, ɗanɗano ba ya rarrabewa. Sai wanda ya karanta kemistiri, ya narka ƙwayar ya auna. Yaranmu nawa ne a cikin masu aunawar? Mu dai a dako da lodi aka san mu.

Ba raina kasuwanci nake yi ba, da shi aka ciyar da mu duka. Amma gidan da ke da 'ya'ya shida, a bar wa shago huɗu mana, a saki biyu su yi karatun kimiyya, kuma kada a ce sai maza. Ku riƙe lissafi da kemistiri da fiziks da bayoloji tun aji huɗu. Wanda ya ajiye ya koma, jarrabawar WAEC da NECO ta 'yan waje ba ta tambayar shekaru. Jami'ar Nnamdi Azikiwe na Awka, ga Nsukka, ga ABU Zariya da Bayero ga mai son komawa gida. Ba zan ɓoye muku ba: karatun na da tsawo, kayan gwaji a jami'o'inmu ba su wadata ba, kuma abokinka na shago zai riga ka sayen mota. Wanda ya ga zai iya haƙurin, ya shiga.

Ku na Fatakwal kuwa, Ekong ne shugaban farko na jami'ar garinku, daga 1977 zuwa 1982, kuma babban ɗakin karatunta da ke Choba sunansa yake ɗauke da shi. Ranar da kasuwa ta yi sanyi, ku hau mota ku je ku gani da idonku, ku tafi da ƙannenku.

Allah ya yi muku albarka. Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta