Karatun ilimin halittu a jami'a

Ilimin halittu shi ne binciken duk abin da ke da rai: mutum, dabba, tsiro, ƙwaro, har da ƙwayoyin cuta waɗanda ido ba ya gani. A lakwal ana ce masa biyoloji.

Hanyar wannan karatu tana da tsawo. Yaron Agye, Gazawa ko Gidan Rumji yakan yi shekara 6 a firamare, 4 a kolej, 3 a lise. In ya ci jarrabawar bak, galibi ta sashen D, sai ya nemi jami'a. A da sai an tafi Yamai, inda aka soma karatun jami'a a 1971. A 2010 aka kafa jami'a a Maraɗi. Tana ɗauke da sunan Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, masanin kimiyya wanda ya taɓa riƙe ministan ilimi. Ana yin shekara 3 kafin a sami takardar lisansi.

Ɗalibai da yawa suna shiga da zaton hadda kaɗai ta isa. Can sai su tarar da wuya iri uku.

Ta farko ita ce harshe. Da Faransanci ake koyarwa, sunayen halittu kuwa da Latinanci suke. Kowane tsiro yana da suna mai kalma biyu, bisa tsarin da Linne, mutumin ƙasar Suwidin, ya shimfiɗa a 1753. Gawo shi ne Faidherbia albida, sabara kuma Guiera senegalensis. Da wannan suna masanin Nijar da na Indiya suke gane itace ɗaya suke nufi.

Ta biyu ita ce lissafi da ilimin sinadarai. Wanda ya gudo daga lissafi zai iske shi yana jiransa. Ba a sanin ko sabon irin hatsi ya fi tsoho sai an auna, an ƙirga, an gwada. Ba a fahimtar yadda ganye ke haɗa abinci da ruwa da iska da hasken rana sai da ilimin sinadarai.

Ta uku ita ce haƙuri. Ɗalibi yakan daɗe a kan madubin ƙara girma yana duban fatar albasa, yana zana abin da ya gani. In gwaji ya ɓaci, sai a sake tun daga farko. Tsiro kuwa ba ya sauri don jarrabawa ta matso.

To, mene ne amfanin wannan wahala? Amsar tana cikin gona. Akwai wata tsutsa da ke cin zangarniyar hatsi, tana bar wa manomi rumbu da rabi. Masana na INRAN, a cibiyarsu ta Tarna kusa da Maraɗi, sun yi aiki a kan wani ɗan ƙaramin ƙwaro dangin zanzaro. Macen takan harbi tsutsar, ta yi ƙwai a jikinta. Ƴaƴan da suka ƙyanƙyashe su ne ke cinye ta. Ana kiwon ƙwaron, a kai shi ƙauyuka cikin ƴan buhuna, a sake shi lokacin da hatsi ke fidda kai. Ba feshi, ba guba. Waɗanda suka jure wa karatun halittu ne suka gano haka.

Ɗan manomi ba ya shiga jami'a hannu wofi. A Ɗan Saga, cikin ƙasar Agye, manoma suna barin tohon itatuwa a gona suna renonsa. Yaran can sun san gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Sun san hatsi ya fi kyau a gindinsa. Jami'a dalilin take ƙara masu: ganyensa taki ne, saiwarsa kuma tana ɗauke da ƙananan halittu masu ƙara wa ƙasa ƙarfi.

Saboda haka shiri tun daga firamare yake farawa: ƙwarewa a karatu da Hausa da Faransanci, son lissafi, da lura da abin da ke kewaye.

Tambayoyi
1. Mene ne ilimin halittu?
2. Shekara nawa ake yi daga shiga firamare zuwa bak?
3. Don me ake ba tsirrai suna da Latinanci?
4. Yaya ƙwaron nan yake kare hatsi?

Aiki
Ku tsinko ganyen itatuwa 5 na garinku. Ku zana kowanne, ku rubuta sunansa, sannan ku tambayi wani dattijo amfaninsa.